Saƙa da Warwara: Tarihin Wata Hanyar Nazari daga Aljeriya zuwa Amurka



Maganar da zan yi yau a kan tarihin wata hanya ce ta nazarin littattafai da ra'ayoyi, wadda ta tsiro a ƙasar Faransa tsakanin 1962 da 1972, ta ƙetare teku ta yi kaka-gida a jami'o'in Amurka, daga can kuma ta bazu ko'ina. Faransawa suna kiranta déconstruction. Larabawa da suka zo fassara ta sai suka ce tafkik, watau kwance abin da aka haɗa. Ni kuwa zan kira ta warwara, domin kalmar da Turawa ke kiran rubutaccen zance da ita asalinta daga Latin ne, ma'anarta kuwa abin da aka saƙa. Wanda ya yaga zane ya yi ɓarna, ba shi da abin nunawa sai tsumma. Amma wanda ya zauna ya bi zare ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa, shi zai iya gaya maka inda masaƙi ya yi ƙulli, da inda zare ya ƙare masa ya haɗa da wani, da kuma zaren da aka ɓoye a baya alhali shi ke riƙe da adon gaba. Yawancin rigimar da aka yi a kan wannan hanya cikin shekara hamsin da ɗoriya, a ganina, daga rashin bambance waɗannan ayyuka biyu ta taso, kuma laifin bai tsaya kan abokan gaba kaɗai ba, ya shafi almajirai.

Bari mu fara da ita kalmar. Jacques Derrida, wanda ya sa ta shahara, ba shi ya ƙirƙire ta ba. A 1983 ya rubuta wasiƙa ga wani shaihun malami ɗan Japan, Toshihiko Izutsu, wanda ɗaliban Larabci za su iya saninsa don shi ne ya fassara Alƙur'ani daga Larabci zuwa harshen Japan. Batun wasiƙar shi ne yadda za a fassara kalmar zuwa wannan harshe. A ciki Derrida ya bayyana cewa ya faɗa kanta ne sa'ad da yake neman yadda zai mayar da wata kalmar Bajamushen nan Martin Heidegger zuwa Faransanci. A littafinsa na 1927 Heidegger ya yi kira da a kwance tarihin falsafar Turai daki-daki don a ga a kan me aka ɗora ta, ya kira wannan aiki Destruktion. Takwarar wannan kalma a Faransanci tana nufin rushewa har ƙasa, abin da ba shi ake nufi ba. Sai Derrida ya duba babban ƙamus ɗin Littré, ya tarar da wata tsohuwar kalma da ba a cika amfani da ita ba, wadda ɗaya daga cikin ma'anoninta ita ce kwance inji gunduwa-gunduwa don a ɗauke shi zuwa wani wuri. Ashe tun daga tushe kalmar ta makanikai ce, masu kwancewa da niyyar sake ɗaurawa.

An haifi Derrida ranar 15 ga Yuli 1930 a El-Biyar, a gefen birnin Aljiyas, cikin iyalin Yahudawan da suka daɗe da zama a Aljeriya. Tun 1870 wata dokar Faransa ta ba Yahudawan Aljeriya matsayin 'yan ƙasar Faransa, ta bar Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye, a matsayin talakawan mulkin mallaka. A watan Oktoba 1940 gwamnatin Vichy, mai biyayya ga Jamus, ta soke wannan doka, alhali kuwa Jamus ba ta mamaye Aljeriya ba. Bayan shekara biyu aka rage yawan 'ya'yan Yahudawa da aka yarda su zauna a makarantun gwamnati zuwa kashi 7 cikin 100, aka ce wa yaro ɗan shekara 12 ya koma gida. A 1943 aka maido da dokar. Watau a cikin shekara uku takarda ta ce shi Bafaranshe ne, ta ce ba shi ba ne, ta kuma dawo ta ce shi ne. Daga baya, a wani ƙaramin littafi na 1996, ya ba da labarin yadda a makarantunsu ake koyar da Larabci a matsayin harshen waje, wanda ya ga dama ya ɗauka, a ƙasar da ko'ina Larabci ake ji. Ba na cewa wannan ƙuruciya ita kaɗai ta haifi falsafarsa. Amma wanda ya ga haka da idonsa, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana tambayar wa ya shata layi tsakanin na ciki da na waje, da kuma abin da layin ke tsaye a kai.

Ya tafi Faris a 1949, ya shiga babbar makarantar horon malamai ta École Normale a 1952. Bayan 'yan shekaru abin da ya yi tashe a Faransa shi ne mazhabar tsari, wadda ta samo asali daga darussan Ferdinand de Saussure, masanin kimiyyar harshe ɗan Suwizalan. Saussure ya mutu a 1913, aka tattara abin da ɗalibansa suka rubuta a aji aka buga a 1916. Gishirin koyarwarsa shi ne, ba wani sauti ko kalma da ke da ƙima ita kaɗai, sai ta hanyar bambancinta da 'yan'uwanta. Alal misali, abin da ya sa baki ya zama baki shi ne ba baƙi ba ne, ba baka ba ne, ba biki ba ne. Claude Lévi-Strauss ya ɗauki wannan ya auna auratayya da tatsuniyoyin al'ummomi da shi, wasu suka auna adabi, wasu mafarki. Kowa ya ɗauka an sami mabuɗin da zai buɗe kowace ƙofa.

A watan Oktoba 1966 Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore ta shirya taro don gabatar da wannan mazhaba ga Amurkawa. Manyanta irin su Roland Barthes da Jacques Lacan sun halarta. Derrida yana ɗan shekara 36, ba wanda ya san shi a can. Takardar da ya karanta ta tsaya a kan Lévi-Strauss, wanda ya gina aikinsa bisa rarrabe abu biyu, halitta da al'ada: abin da ake samu ko'ina na halitta ne, abin da yake ƙa'ida ce da mutane suka kafa na al'ada ne. To, ga haramcin auren muharrami, ana samunsa a kowace al'umma, kuma ƙa'ida ce. Wane ɓangare za a sa shi? Lévi-Strauss da kansa ya amsa cewa abin ya ƙi zama a ɗaki ɗaya. Derrida ya ce ai matsalar ba ta haramcin ba ce, ta katangar da aka gina tsakanin ɗakunan ce, kuma mai ginin ya ci gaba da jingina da katangar bayan ya ga ta tsage, domin ba shi da wata. An zo bikin naɗin sarauta, sai ga wani baƙo yana tambayar asalin gidan. A 1967 ya fitar da littattafai uku a shekara ɗaya, mafi shahara a cikinsu shi ne De la grammatologie, a 1972 kuma ya ƙara wasu uku.

Yanzu bari mu ga yadda ake aikin, domin ba a gane warwara ta hanyar ba da ma'anarta, sai an ga hannu a kan zare. Misalin da ya fi kyau shi ne karatun da ya yi wa Aflatun a 1968. A cikin tattaunawar nan mai suna Phaedrus, Aflatun ya sa malaminsa Sukuratu ya ba da labarin wani abin bautar Misirawan dauri, Theuth, wanda ya ƙago lissafi da ilmin taurari da rubutu, ya kai wa sarki Thamus. Da aka zo kan rubutu sai ya gabatar da shi a matsayin maganin mantuwa. Sarki ya ƙi, ya ce shi ne ma zai kawo mantuwa, don mutane za su dogara ga alamun da ke waje su bar hadda, su yi kama da masana alhali ba su san kome ba. Sukuratu ya ƙara da cewa rubutu kamar zane yake, in ka tambaye shi ba ya amsawa, yana faɗawa hannun wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba, in an ci zarafinsa kuma ba ya iya kare kansa sai ubansa ya zo. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san ana fifita karatun da aka ɗauka daga baki a kan wanda mutum ya tsinta a littafi shi kaɗai.

Zaren farko da Derrida ya ja shi ne kalmar da Theuth ya yi amfani da ita, pharmakon. A Girkanci tana nufin abin da ke warkarwa, tana kuma nufin abin da ke kisa, har ma abin da aka ba Sukuratu ya sha ya mutu a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa da wannan kalma Aflatun ya kira shi. Masu fassara zuwa Faransanci ba su da kalma ɗaya mai ɗauke da duka biyun, sai dai su zaɓi ɗaya a nan, su zaɓi ɗaya a can, ta haka suka share abin da ke faruwa a cikin labarin. A nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a, don kalmarmu ta magani ta ɗauki kayan biyu: akwai maganin zazzaɓi, akwai maganin ɓera, kuma in aka ce an sa wa wane magani a abinci ba wanda zai yi masa barka. Theuth ya juya kalmar ta wannan fuska, sarki ya juya ta ta waccan, Aflatun kuwa yana son ya tsayar da ita wuri ɗaya, amma harshensa bai ba shi dama ba.

Zare na biyu ya fi wannan ƙarfi. Bayan Sukuratu ya gama kushe rubutu, sai ya zo siffanta magana ta gari, mai rai, wadda ke iya kare kanta. Da me ya siffanta ta? Ya ce ita ce wadda aka rubuta a cikin ran mai koyo. Watau don ya bayyana ɗan halal sai da ya ari sunan wanda ya kira shege. Derrida bai ɗauki wannan a matsayin tuntuɓen harshe ba. Ya ce a duba aibobin da aka lissafa wa rubutu, cewa ana iya maimaita shi ba mai shi a wurin, ana iya yi masa mummunar fahimta, yana iya kai wa ga wanda ba a nufa ba, za a ga duk suna cikin magana ma. Kalma ba ta zama kalma sai in wani zai iya maimaita ta bayan ka tashi. Saƙon baka, da karin magana, da wasiyya, duk a kan haka suke tsaye. Abin da aka kora waje a matsayin cuta, ashe shi ne sharaɗin lafiyar na ciki.

Ga tsarin aikin ke nan a taƙaice. Mai nazari ya nemo abu biyu da mawallafi ya jera, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, kamar magana da rubutu, ko asali da kwaikwayo, ko namiji da mace. Sa'an nan ya bi littafin a hankali, a cikin harshensa na asali, har ya iske wurin da na sama ya buƙaci na ƙasa don ya tsaya. Ba a tsayawa a juya su kawai a ce to yanzu rubutu ne sarki, domin in an yi haka gadon sarautar na nan, mai zama kawai aka sake. Hujjar kuwa dole daga bakin mawallafin za ta fito.

Haka ya yi wa Jean-Jacques Rousseau, wanda ya yi ta yabon halitta da magana, yana kiran rubutu da tarbiyya da wata kalma, supplément. Kalmar na nufin ƙari a kan abin da ya riga ya cika, tana kuma nufin abin da ke toshe giɓi. A kasuwarmu muna da irinta. In mai hatsi ta cika mudu ta ƙara ɗan kaɗan muna cewa gyara, in abu ya lalace aka daidaita shi ma gyara ne. To, in halitta cikakkiya ce kamar yadda Rousseau ya ce, me ya sa yaron da ke cikin littafinsa na tarbiyya na 1762 yake bukatar malami tun daga goyo har aure? Sai dai in mudun bai cika ba tun farko. A watan Janairu 1968 kuma Derrida ya gabatar da lacca a kan kalmarsa ta kansa, différance, wadda ya riga ya ƙirƙira ta hanyar musanya harafi ɗaya a kalmar Faransanci mai nufin bambanci, musanyar da ido ke gani kunne ba ya ji, don ya haɗa ma'anar bambanta da ta jinkirtawa: kowace kalma a ƙamus tana tura ka ga wata, ba ka isa inda za a ce ga ma'anar nan tsirara. Mu namu rubutun boko akasin haka yake yi, kukan yaro da kukar miya, ko garin Kano da garin tuwo, kunne ke rarrabe su, ido bai iya ba.

Akwai wani karatu a littafin 1967 da ya kamata mu 'yan Afirka mu kula da shi. A littafinsa na 1955 Lévi-Strauss ya ba da labarin zamansa da ƙabilar Nambikwara a ƙasar Birazil. Ya raba musu takarda da fensir, sai shugabansu ya riƙa zana layuka yana yin kamar yana karantawa a gaban jama'arsa, don ya ƙara wa kansa kwarjini wajen rabon kaya. Lévi-Strauss ya yanke cewa rubutu ne ya shigo da yaudara da danniya cikin mutanen da ba su san su ba. Derrida ya koma 'yan shafuka baya a cikin littafin, inda mawallafin da kansa ya faɗi cewa mutanen suna ɓoye sunayensu na yanka, kuma ya samo sunayen ne ta hanyar zuga 'yan mata ƙanana da suka yi faɗa, kowace ta tona sunan abokiyar faɗanta. Ashe akwai doka, da sirri, da keta doka, tun kafin fensir ya zo. Mu da muke da alkunyar sunan miji da na ɗan fari ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Abin da Derrida ya fito da shi shi ne, Baturen da ya ce ba ku da rubutu don haka ba ku da tarihi, da wanda ya ce ba ku da rubutu don haka ba ku da laifi, awo ɗaya suke riƙe da shi, watau haruffansu.

A Faransa Derrida bai taɓa samun irin karɓuwar da ya samu a Amurka ba, kuma a can ma sassan adabi ne suka rungume shi, sassan falsafa suka juya masa baya. Daga 1975 ya riƙa zuwa Jami'ar Yale kowace shekara, inda Paul de Man da J. Hillis Miller da Geoffrey Hartman suke koyarwa. A 1976 wata malama 'yar Indiya, Gayatri Spivak, ta fassara babban littafinsa zuwa Ingilishi. Nan da nan abin ya zama yayi. Ɗalibin da bai taɓa buɗe Aflatun ba sai ya ɗauki kowace waƙa ya nemo kalma mai fuska biyu, ya ce ga shi waƙar ta ƙaryata kanta, a ba shi digiri. Wata jimla guda daga littafin 1967 aka riƙa yawo da ita a matsayin cewa babu kome a duniya sai rubutu, ko kuwa kowace fassara daidai take da kowace, ko da yake a 1988 ya bayyana cewa nufinsa ba abin da ake fahimta a wajen mahallinsa. A wasiƙar nan ta Izutsu ya ce warwara ba dabara ba ce da za a koya a riƙa bugawa kamar hatimi. Amma lalle shi ma yana da nasa kason laifi, don salon rubutunsa, musamman daga 1974, ya cika wasa da kalmomi har mai karatu na kirki kan rasa inda hujja ta tsaya.

Duk da haka hanyar ta yi amfani a wajen adabi. A 1976, shekarar da Amurka ta cika 200 da samun 'yanci, ya yi magana a Jami'ar Virginia a kan takardar shelar 'yancin. Tambayarsa ita ce, wa ya sa hannu? Wakilai sun sa hannu da sunan al'umma mai 'yanci, amma wannan al'umma ba ta zama mai 'yanci a doka ba sai bayan an sa hannun. Watau sa hannun ne ya haifi mai sa hannun. Wannan tambaya ba ta yi nisa da mu ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya buɗe da muryar jama'a suna cewa su suka ba kansu shi, alhali gwamnatin soja ce ta kafa shi da doka mai lamba 24 ta wannan shekara. Sai dai a yi hattara. Cewa kowane tsarin mulki yana da irin wannan ƙulli a tushensa bai mayar da wanda wakilan jama'a suka tattauna daidai da wanda soja ya sa wa hannu ba. Wanda ya yi amfani da warwara ya shafe wannan bambanci ya koma cikin masu yaga zane.

Babbar jarrabawar hanyar ta zo a 1987. Paul de Man, aminin Derrida kuma jagoran mazhabar a Amurka, ya mutu a watan Disamba 1983. Bayan shekara huɗu wani ɗalibi ɗan Beljiyam, Ortwin de Graef, ya gano cewa tsakanin 1940 da 1942, lokacin da Jamus ke mamaye da Beljiyam, de Man ya rubuta maƙalu fiye da 150 a jaridar Le Soir, wadda ke ƙarƙashin ikon 'yan mamaya. Yawancinsu sharhin littattafai da kaɗe-kaɗe ne. Amma ɗaya, ta ranar 4 ga Maris 1941, a kan Yahudawa da adabi take, kuma ta ƙare da cewa in aka kwashe su aka kai wani wuri a wajen Turai adabin Turai ba zai yi wata asarar kirki ba. De Man ya yi shekara fiye da talatin a Amurka bai fito fili ya faɗi wannan ba. A shekarar kuma aka buga littafin Victor Farías a kan dangantakar Heidegger da jam'iyyar Hitila, wadda ya shiga a 1933. Abokan gaba suka ce ai ga shi nan, hanyar da ke koyar da cewa ba a iya tsayar da ma'ana mafaka ce ga masu abin ɓoyewa.

Wannan zargi bai tsaya da ƙafafunsa ba. De Man yana ɗan shekara 21 ya rubuta maƙalar, hanyar kuwa ta zo bayan shekara 25, daga hannun yaron da irin waɗannan dokoki suka kora daga makaranta. Amma amsar da Derrida ya buga a 1988 ita ma ba ta gamsar ba. Ya amsa cewa ƙarshen maƙalar abu ne da ba a yafewa, ya ce ya ji ciwonsa. Sa'an nan sai ya shiga jan zare: ga shi a farko mawallafin ya kushe ƙiyayyar Yahudawa irin ta 'yan tasha, ga shi ya ambaci Kafka, wanda Bayahude ne, cikin manyan marubuta, ko ba zai yiwu maƙalar tana yaƙar kanta a ɓoye ba? Ya kuma juya kan masu suka ya ce gaggawar hukuncinsu ta yi kama da halin waɗanda suke la'anta. A ganina a nan aminci ya rinjayi nazari. Wanda ya kushe ƙiyayya ta 'yan tasha sau da yawa yana share fage ne ga ƙiyayya mai rawani, kuma mai karanta jarida a birnin Burasal a 1941 bai sami wahalar gane abin da ake nufi ba. Aflatun ya yi ƙoƙarin faɗin gaskiya harshe ya kuɓuce masa, shi ya sa warware shi ke ƙara ilmi. Maƙalar de Man kuwa ta faɗi abin da take son faɗi, a ranar da faɗinsa ke da sakamako a kan rayukan mutane.

Ga alama rigimar ta sa Derrida ya fito fili da abin da a da yake barinsa a tsakanin layuka. A watan Oktoba 1989, a makarantar koyon shari'a ta Cardozo da ke New York, ya rarrabe doka da adalci. Doka mutane suka rubuta ta, a wani lokaci, da wani ƙarfi a bayanta, don haka ana iya warware ta, shi ya sa ma ake iya gyara ta. Adalci kuwa ba ya warwaruwa, shi ne dalilin da ya sa ake warwarar. Alƙalin da ya bi doka kamar inji bai yi hukunci ba, wanda ya watsar da ita ma bai yi ba, dole ya riƙe ta ya kuma auna mutumin da ke gabansa kamar ba a taɓa kawo irin ƙararsa ba. Littattafansa na bayan nan a kan baƙunci, da yafiya, da hukuncin kisa, da gadon Karl Marx suke.

Gardamar ba ta kwanta ba. A 1992 Jami'ar Kambirij ta so ba shi digirin girmamawa, wasu malamanta suka tashi suka ƙi, wasu masana falsafa daga ƙasashe dabam-dabam, cikinsu har da W. V. Quine na Harvard, suka rubuta wa jaridar Times cewa aikinsa bai cika sharuɗɗan bayani da tsantseni ba. Aka kaɗa ƙuri'a, 336 suka yarda, 204 suka ƙi, aka ba shi. Ya mutu a Faris a watan Oktoba 2004, yana da shekara 74, bayan fama da ciwon daji. Kafin nan kalmar ta riga ta fita daga hannunsa. A 1988 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya yi baje-kolin gine-gine da sunanta, daga baya madinka da masu dafa abinci a manyan otal-otal suka ara, 'yan jarida kuma suka mayar da ita wata hanyar cewa suka kawai. Daga 2008 aka fara buga darussan da ya koyar a aji, juzu'i bayan juzu'i. A 2015 Jami'ar Princeton ta sayi ɗakin karatunsa na gida, littattafai da takardu fiye da 13,000, da yawa daga cikinsu gefen shafukansu cike da ja-layi da rubutun hannunsa.